Kambin Ganye Da Adon Gidan Mai Bi

Karatu: 2 Sarakuna 4:1-7 da 1 Korantiyawa 9:24-27

Ga hunturu ya fara busawa, an kai amfanin gona gida, hankalin kowa kuma ya soma komawa kan Kirsimati.

Kwanan baya wata 'yar'uwa ta rubuto mana wasiƙa. Ba za mu ambaci sunanta ko garinsu ba, gama mun san maganarta maganar mata da yawa ce. Ta ce 'ya'yanta biyar, maigidanta ƙaramin ma'aikaci ne, albashinsa kuwa ba ya kai su ƙarshen wata. Wata rana ta shiga gaida maƙwabciyarta, sai ta ga an rataye wani zagayayyen ado na ganyen roba a bakin ƙofa, ga fitilu masu walƙiya, ga sababbin labule. Ƙaramar 'yarta tana biye da ita. Da suka dawo gida yarinyar ta dubi bangon ɗakinsu, ta ce, "Mama, mu Yesu ba zai zo gidanmu ba ne?" 'Yar'uwar nan ta ce daren nan ba ta runtsa ba. Yanzu tana shawarar ta ci rance mai ruwa ba da sanin maigida ba, ta sayi irin adon nan da labule, ta riƙa biya kaɗan kaɗan bayan sabuwar shekara. Ta tambaye mu ko laifi ne uwa ta so gidanta ya yi kyau saboda haihuwar Ubangiji.

'Yar'uwa, ba laifi ba ne. Allah da ya yi wa furannin jeji ado ba ya ƙin abu mai kyau. A Littafin Fitowa sura 35 mun ga mata masu hikima sun kaɗa zare da hannuwansu domin a ƙawata alfarwar sujada. Amma rancen nan da kike shirin ci a ɓoye, muna roƙonki ki dakata, ki saurare mu tukuna.

Bari mu fara da karatunmu na fari. Wata mace ce, matar ɗaya daga cikin almajiran annabawa. Mijinta mai tsoron Allah ne, amma ya rasu ya bar bashi. Littafi bai ce almubazzaranci ya yi ba, saboda haka kada mu yi saurin hukunta kowane mai bashi. Ciwo yakan sa mutumin kirki ya ci bashi, yunwa ma haka. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma ku dubi inda bashin ya kai gidan nan. Mai bin bashin ya taso zai kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayinsa. A zamaninmu mai bin bashi ba ya kama yaro da hannu, kuɗin makarantar yaron yake kamawa. Mun sha ganin gidajen da aka yi anko da shagali a watan Disamba, a watan Janairu kuwa aka koro yara daga makaranta, tukunya ta kwana ba ta hau murhu ba, miji da mata ba mai yi wa wani magana. Karin Magana 22:7 ya riga ya gargaɗe mu cewa wanda ya ci bashi ya sa wuyansa a hannun mai binsa.

Da matar ta kai kukanta wurin annabi Elisha, bai aike ta wurin wani attajiri ba. Ya tambaye ta abin da ya rage mata a ɗaki. Da fari ta ce ba ta da kome, sa'an nan ta ambaci ɗan man da ya rage mata. Haka muke dukanmu. Idon da ya saba leƙen gidan maƙwabci ba ya ganin abin da ke ɗakinsa. Annabi ya sa ta je ta aro tuluna waɗanda ba kome a ciki. Ku lura, aro ta yi, ba rance ba. Abin aro yadda ka karɓa haka kake mayarwa, ba ya haihuwa a hannunka. Ta shiga ɗaki da 'ya'yanta, ta rufe ƙofa. Yara suna miƙo tuluna, uwa tana zubawa, har tulunan suka ƙare. Ta sayar da man, ta biya bashin, ita da 'ya'yanta suka ci sauran.

Ba mu ce duk wanda ya rufe ƙofa mansa zai ƙaru ba. Wannan mu'ujiza ce da Allah ya yi a lokacin da ya ga dama. Amma akwai abu uku a labarin da kowane gida zai iya ɗauka. An fara da abin da ke cikin gida. An yi aikin tare da yara. An kuma yi shi ƙofa a rufe, ba domin idon jama'a ba. Ku riƙe abu ukun nan, za mu dawo kansu.

To, shi wannan zagayayyen ado da 'yar'uwarmu ta gani, daga ina ya fito? Da Hausa za mu kira shi kambi, kambin ganye. Iri biyu ne. Akwai wanda ake ratayewa a ƙofa. Akwai kuma wanda ake ajiyewa a kan tebur da kyandir huɗu, domin Lahadi huɗu na jiran zuwan Almasihu, lokacin da ake kira Adbent. Kalmar daga harshen Latin take, ma'anarta zuwa. Na teburin nan an san asalinsa, za ku kuwa yi mamaki, gama a gidan yaran matalauta aka fara shi.

A birnin Hamburg na ƙasar Jamus, a shekarar 1808, aka haifi wani bawan Allah mai suna Johann Hinrich Wichern, ɗan ikilisiyar Lutheran. Yana da shekara 15 mahaifinsa ya rasu. Shi ne babba a cikin 'ya'ya, sai ya shiga koyar da yaran mutane domin ya taimaki uwarsa da ƙannensa. Ya san talauci tun daga gida. Bayan ya gama karatun tauhidi ya koyar a makarantar Lahadi a wata unguwar matalauta. Yana bin yaran har gidajensu, ya ga yadda suke kwana da yunwa, ba mai kula da su. A 1833 ya buɗe musu gida a ƙauyen Horn, kusa da Hamburg, a wani tsohon gidan manoma. Sunan gidan Rauhes Haus. Bai tara yaran wuri ɗaya kamar bariki ba. Ya raba su ƙungiya ƙungiya, kowace ƙungiya da babba mai kula da ita, su zauna kamar iyali, su koyi karatu da sana'a da Maganar Allah.

Yara dai yara ne ko'ina. In Kirsimati ta matso, kullum sai su dame shi da tambaya, saura kwana nawa? A 1839 ya samo tsohuwar ƙafar keken doki ta katako, ya kwantar da ita, ya jera kyandir a kanta. Ya sa manya huɗu farare domin ranakun Lahadi, ƙanana jajaye kuma domin sauran ranaku. Kowace rana a lokacin addu'a sai a kunna ƙarin ɗaya. Yaron da bai iya karanta kalanda ba yana iya ƙirga kyandir. Wajen 1860 aka fara yi wa da'irar ado da ganyen wani itace da ba ya kaɗewa a lokacin sanyinsu. Da abin ya shiga gidajen mutane sai aka rage kyandir zuwa huɗu, gama ba kowane ɗaki ne zai ɗauki ƙafar keken doki ba. A 1925 aka rataye irinsa a wata majami'ar Katolika a birnin Kolon, daga baya ya haye zuwa Amurka da sauran ƙasashe. Wichern ya rasu a 1881, amma har wa yau ana aikin taimakon jama'a da sunan gidan nan.

Kun ji fa, 'yan'uwa. Abin da yau ake sayarwa da tsada a kanti, da tsohon katako aka fara shi, domin yaran da ba su da kowa. Mutumin nan bai tambayi abin da ke gidan attajiran Hamburg ba. Ya duba abin da ke bayan ɗakinsa, ya yi aiki da shi domin ya koya wa yara jira. Uwar da ta ci bashi domin ta sayi kambi ta juya abin baibai.

Kafin mu ci gaba, bari mu share wani shakku. Wani zai ce, wannan al'adar Turawa ce, ina ruwanmu? Wani kuma zai ce, kunna kyandir a gida ba ya kama da aikin masu tsibbu? Ku ji da kyau. Ba inda Littafi Mai Tsarki ya umarci a yi kambi. Wanda bai yi ba bai yi zunubi ba, wanda ya yi kuma bai fi kowa tsarki ba. Ikilisiyoyin Lutheran da Angilikan da Katolika sun saba da shi, waɗansu ikilisiyoyi kuwa ba sa yi, dukanmu kuma Ubangiji ɗaya muke jira. Manzo Bulus a Romawa sura 14 ya hana mu hukunta juna a kan ranaku da irin waɗannan abubuwa. Kambi ba laya ba ne. Ba ya korar maye, ba ya kawo arziki, ba a durƙusa masa. Ranar da wani ya ɗauka akwai iko a cikin ganyen ko kyandir ɗin, gara ya kwashe ya zuba wa awaki. Amfaninsa ɗaya ne da na allon makaranta, wato a koyar da shi. In kuna shakka, ku tambayi fastonku, ku bi koyarwar ikilisiyarku cikin salama.

Ga wanda yake so ya yi, ga yadda ake yi ba tare da an taɓa kuɗin cefane ba. Ku ɗauki fensir in akwai kusa.

Da fari sai da'irar. Duk macen da ta taɓa naɗa gammo ta riga ta iya rabin aikin. A samo kaba, ko doguwar ciyawa, ko ɗanyun tsumagu huɗu ko biyar masu laushi. A tanƙwara su a haɗa baki, faɗin ya kai na faifan rufe ƙwarya, a naɗe da igiyar rama ko zaren buhu har ya yi ƙarfi. In tsumagiya ce, a tanƙwara ta ranar da aka yanko, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Iyaye, ku riƙe karin maganan nan, ba a kan icce kaɗai yake ba. In akwai tsohon garen keke da yara ke garawa, shi ma ya yi, ya ma fi kama da na Wichern.

Sai ganye. Ganyen mangwaro, da na gwaiba, da na lemo sun fi jure hunturu. Na darbejiya yana da kyau ranar fari, amma yana saurin yanƙwanewa. A haɗa ganye uku ko huɗu, a ɗora a kan da'irar, a ɗaure gindinsu da zare. A ɗora wani damin ya rufe gindin na farin, a ɗaure. Haka za a bi, duka suna fuskantar gefe ɗaya, har a zagayo, sa'an nan a cusa gindin na ƙarshe a ƙarƙashin na farko. Kada a aiki yara su tsinko daga itacen maƙwabci ba da izininsa ba. Adon Kirsimati da ganyen sata bai dace da mu ba. Ku je ku roƙa, wataƙila ma roƙon ya buɗe muku ƙofar gaya masa dalilin.

Na uku, kayan ƙawa. Ku duba rumbu da madafa. Zangarniyar gero ko ta dawa tana tuna mana Allah ya ciyar da mu bana. Busasshen zoɓo yana ba da ja mai kyau. Ɓawon masara in an jiƙa shi ya yi laushi ana ƙulla shi kamar fure. Ragowar ƙyallaye da tela ke sharewa, in kun roƙa zai ba ku. Barkono yana da kyan gani, amma ku bar shi, domin yara za su taɓa su sa hannu a ido.

Na huɗu, kyandir. A wanke ƙananan gwangwanayen tumatir huɗu, a danne bakinsu kada su yanki yaro, a cika da yashi, a kafa kyandir a ciki. A ɗora kambin a kan babban tiren ƙarfe, gwangwanayen a tsakiya, da tazara kamar faɗin tafin hannu tsakanin wuta da ganye. A waɗansu majami'u za ku ga kyandir uku masu launin shunayya da ɗaya ruwan hoda, a Jamus kuwa jajaye aka fi sawa. Farin kyandir na kanti ya isa. Wanda ya fi tsawo a ba mako na fari, gama shi zai fi daɗewa yana ci. Gidan da ko kyandir ya gagara, a ajiye fitilar gida a tsakiya, kowace Lahadi yaro ɗaya ya soka ƙarin zangarniya a jikin kambin. Ƙirgan bai ɓace ba.

Yanzu ga gargaɗi, muna kuwa roƙo kada a yi wasa da shi. Lokacin hunturu ne, kome ya bushe, rigakafi kuma ya fi magani. Kada a kunna kusa da labule, ko gidan sauro, ko jinka, ko inda aka ajiye kananzir da fetur. A kunna a lokacin addu'a kaɗai, babba yana zaune, a kashe kafin kowa ya tashi. Wanda za a rataye a ƙofa ba a sa masa wuta sam. A yayyafa wa ganyen ruwa da safe, wanda ya bushe a sake shi ran Asabar.

An gama kambi, amma aikin bai fara ba tukuna. Lahadin fari ta Adbent ita ce ta huɗu kafin Kirsimati, tana faɗuwa tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. In kun makara, ku fara daga inda kuke. Da dare bayan tuwo, a kashe talabijin, a ajiye waya, a shimfiɗa tabarma. Maigida, wurinka ne wannan, kada ka bar wa uwargida kaɗai. In maigida ba ya nan, ko bai ba da gaskiya ba tukuna, uwa ta ja gaba. Timoti a wurin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ya gaji bangaskiya.

Ikilisiyoyi sun bambanta a kan sunayen kyandir ɗin, amma ga tsari mai sauƙi. Lahadin fari a kunna ɗaya, na bege. A karanta Ishaya 9:1-7, kowa ya faɗi abu ɗaya da yake jiran Allah a kai, har ƙaramin yaro. Lahadi ta biyu a kunna biyu, na biyun na salama ne. A karanta Mika 5:2-5, inda aka ambaci Baitalami tun ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar. A makon nan duk wanda yake gaba da wani a gidan ya nemi sulhu. Lahadi ta uku a ƙara na farin ciki, a karanta Luka 1:39-56, ziyarar Maryamu wurin Alisabatu, kowa ya ambaci abin da Allah ya yi masa a shekarar. Lahadi ta huɗu a ƙara na ƙauna, a karanta Matiyu 1:18-25, a kuma shirya wanda za a kai wa abinci ranar Kirsimati, ko gwauruwa, ko maraya, ko baƙo, ko maƙwabcin da ba addininmu ɗaya ba. Daren Kirsimati a karanta Luka 2:1-20. Waɗansu sukan ƙara farin kyandir na biyar a tsakiya domin Almasihu kansa.

Yara za su yi tambaya, ku amsa musu. Don me zagaye? Domin ba ka iya nuna farkonsa ko ƙarshensa, haka madawwamiyar ƙaunar Allah take. Don me ɗanyen ganye? A Jamus watan Disamba lokacin dogon dare ne da sanyi, yawancin itatuwa sun kaɗe, sai 'yan kaɗan ke riƙe da ganyensu. Mu ma muna da abin misali a gonakinmu. Ku nuna wa yara gawo. Da damina, sa'ad da kowane itace ke taƙama da ganye, shi a kaɗe yake. Da rani kuwa, sa'ad da jeji ya bushe, sai ya yi kore, dabbobi su sami inuwa da abinci a gindinsa. Haka gidan mai bi ya kamata ya zama a lokacin wahala. Don me ba a kunna duka huɗu rana ɗaya ba? Domin muna koyon jira. Mutanen Allah sun jira tsara bayan tsara kafin a haifi Mai Ceto. Saminu da Hannatu sun yi ta jira a Haikali har suka gan shi da idonsu. Mu ma muna jiran komowarsa. Yaron da ya koyi jiran kyandir na huɗu ya fara koyon jiran abin da iyayensa ba su iya saya masa yau ba.

Kafin sabuwar shekara kambin nan zai bushe. Kada ku yi baƙin ciki, wannan ma wa'azi ne, shi ne kuwa karatunmu na biyu. Kusa da birnin Koranti akan yi manyan wasannin tsere da kokawa bayan kowace shekara biyu. Wanda ya ci, ladansa kambin ganye ne a ka. Samari sukan yi watanni suna horar da jikinsu, suna hana kansu abubuwa da yawa, domin abin da zai yanƙwane cikin 'yan kwanaki. Bulus ya ce wa Korantiyawa, in waɗannan sun yi haka saboda kambin da zai lalace, balle mu da muke tsere domin wanda ba ya lalacewa. Bitrus ma a wasiƙarsa ta fari, sura 5 aya 4, ya yi maganar kambin ɗaukaka da Babban Makiyayi zai bayar. Na roba da ke kanti ba ya yanƙwanewa da sauri, amma rana za ta ƙoɗar da shi, ƙura ta rufe shi. Labulen ma zai tsufa. Kada mu sayar da kwanciyar ran gida saboda abin da zai ƙare a juji.

Akwai kuma wani kambi da ba za mu manta ba. Jaririn da muke jiran ranar haihuwarsa, a komin dabbobi aka kwantar da shi. Da iyayensa suka kai shi Haikali, tsuntsaye biyu suka miƙa, wato hadayar da Littafin Firistoci 12:8 ya yardar wa wadda ba ta da halin ɗan rago. Kambin da mutane suka saƙa masa a duniyan nan na ƙaya ne, sojoji suka ɗora masa suna ba'a. Saboda zunubanmu ya ɗauke shi. Ubangijin da ya shigo duniya ta gidan matalauta ba zai tsaya a bakin ƙofarki yana duba labule ba.

Saboda haka adon gidan mai bi ya wuce na Disamba. A share tsakar gida, a wanke randa, a rufe abinci, a ɗinke abin da ya yage. Tsabta ba ta bukatar rance. Maimaitawar Shari'a 6:6-9 ta umarci mutanen Allah su koya wa 'ya'yansu Maganarsa a zaune da a tafe, su kuma rubuta ta a ƙofofinsu. Ku sa yaron da ya iya rubutu ya rubuta ayar mako a bayan tsohuwar kalanda, a manna a bango, kowa ya haddace. Karin Magana 17:1 ya nuna busasshiyar loma a gidan da ake zaman lafiya ta fi biki a gidan da ake faɗa. Maigida da uwargida su zauna tun yanzu, su ƙirga abin da ke hannu, su ware kuɗin makaranta na Janairu, abin da ya rage a yi Kirsimati da shi. Daidai ruwa, daidai tsaki. Maza, ku ma muna magana da ku. Kada ka hana kuɗin cefane ka kai wurin shaye-shaye, sa'an nan ka zargi matarka gida bai yi kyau ba. Ku kuma da Allah ya buɗa wa, ku yi adonku da godiya, amma ku tuna da yarinyar maƙwabta da ke kallo. Ku kira ta, ku ba ta wani abu ta kai gida. Mata na Zumunta, ga aiki. Ku taru ranar Asabar ɗaya, wannan ta kawo kaba, waccan zare, wata ganye, ku koya wa juna, kowa ta koma da nata, ku kuma yi wa tsofaffin da ba sa iya fita.

Mu kiyaye kuma kada hidimar ta cinye mu. Marta ta karɓi Yesu a gidanta, abu mai kyau ne, amma dawainiya ta ɗauke hankalinta har ta fara gunaguni a gaban Baƙon. Maryamu ta zauna tana saurare. In saƙa kambi zai sa ki yi wa yara tsawa, ki ajiye shi, ki tara su ku yi addu'a.

'Yar'uwa mai wasiƙa, ga amsarmu. Kada ki ci rancen nan. Yau da dare ki gaya wa maigidanki abin da ke zuciyarki, har da maganar da yarinyar ta yi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bashin ɓoye kuwa tsaga ne. Ran Asabar ki duba abin da ke ɗakinki, ki kira 'ya'yanki biyar, ki rufe ƙofa, ku saƙa naku. Ki bar ƙaramar ta ɗaura ganyen ƙarshe. Sa'ad da aka kunna kyandir na fari, ki ɗora ta a cinya ki gaya mata Yesu yana zuwa gidan duk wanda ya buɗe masa, kuma tun farko gida irin naku ya zaɓa. Muna jiran wasiƙarki ta biyu.

Kai kuma mai sauraro da ba ka taɓa buɗe masa zuciyarka ba, ba sai ka gyara kome tukuna ba. Ka kira shi yadda kake, zai shigo.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na Sama, mun gode maka domin Ɗanka da ka aiko cikin tawali'u. Ka gafarta mana inda muka raina abin da ka ba mu, muka sa ido a kan na waɗansu. Ka taimaki waɗanda bashi ya danne, ka buɗe musu hanyar biya. Ka tuna da gwauraye da marayu, da waɗanda tashin hankali ya raba da gidajensu. Ka ba iyaye hikimar renon 'ya'yansu. Ka tsare gidajenmu daga gobara da husuma, ka koya mana jiran komowar Ɗanka da aminci. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Sai mako mai zuwa in Ubangiji ya kai mu. Alherin Allah ya kasance tare da ku duka.